Tafiyata gungu duba itatuwan tallafi

Litinin: Sakkwato zuwa Yelwa

Ƙarfe biyar da rabi, da idar da Asuba, Landirobar ofishinmu ta ɗauke ni a Ƙofar Marke. Lokacin mulkin soja ne, kuɗin mai sun shigo, ni kuma ina ƙaramin jami'in gandun daji. Wata ƙungiya ta ƙasashen waje ta ba mutanen wani gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, tallafin dasa itatuwa don ruwa ya daina cin gaɓarsu. Sharaɗin shi ne in dashen ya kama, a saya musu injin jirgi na kai marasa lafiya asibitin Yelwa. Labari ya zo mana cewa dashen ya mutu kakaf. Aka ba ni takardar soke tallafin, aka ce in je in gani da idona, in miƙa ta.

Mun bi Boɗinga da Tambuwal, muka tarar da shingen soja kafin Jega. Wani kofur ya leƙo ya ce, "Ina zuwa?"

Direbanmu Ɗan'ige ya ce, "Duba itace za mu, yallaɓai, cikin ruwa."

Kofur ya harare shi, ya ɗaga mana sanda. A Koko muka ci tuwon shinkafa na kwabo talatin, miyar ba gishiri. Mun shiga Yelwa ƙarfe huɗu, bayan tafiyar kusan mil ɗari biyu, muka sauka gidan baƙi na gwamnati.

Talata: gungu

Ƙarfe bakwai na shiga kwalekwale, naira ɗaya zuwa da dawowa. Ɗan'ige ya ƙi shiga, ya ce, "Ni mota anka ɗauke ni tuƙi." Sa'a biyu muna kan ruwa, ina riƙe da gefen jirgi ina salati.

Sarkin Ruwa Manu, dattijon da ke shugabancin gungun, shi ya tarbe ni. Bai yi dogon zance ba, ya sa aka tuƙa mu gefen gabas, ya nuna ƙasa da sandarsa. Ga turakun dashe nan a jere cikin ruwa, zurfin ya kai ƙirjin mutum.

Na ce, "Baba, watan Janairu muke. Rabonmu da ruwan sama wata uku. Wannan daga ina?"

Ya ce, "Baƙin ruwa ke nan, ɗana. Kogin nan sau biyu yake cika. Na damina ya janye, sai wannan ya taho daga ƙasashen yamma cikin sanyi. Mun aika an faɗa a ofishinku."

Ni aka kawo wa saƙon, kuma ni na yi dariya. Ni Basakkwace ne, gulbin da na sani in damina ta wuce sai ya yi ta ƙafewa har a taka da ƙafa. Da hannuna na rubuta musu cewa da ruwa ya janye a dasa taki ashirin daga bakinsa, kada a sauya.

Na tambaye shi ko ba abin da ya tsira. Ya dubi mutanensa. Can ya ce, "In na nuna maka, ba za a kama kowa ba?"

Na yi masa alkawari, ya kai ni bayan rumbuna, kan tudu. Sai ga darbejiya da mangwaro layi uku, kore shar, an kewaye su da zana. Kashi ɗaya cikin uku na dashen suka ɓoye suka dasa a nan, inda suka san ruwa ba ya kaiwa, sauran suka bi takardata. Shekara guda suna ɓoyon itatuwan, don sun saɓa umarnin gwamnati, zamanin kuma na soja ne. Kunya ta hana ni cin kifin da aka gasa mini.

Laraba: komawa gida

Mun bar Yelwa ƙarfe shida. Taya ta fashe mana bayan Jega, muka ɓata sa'a guda. Ƙarfe uku saura kwata na shiga ofis da ƙurata, na ajiye wa maigidanmu Alhaji Bello takardar sokewar yadda ya ba ni, na kwashe labari na faɗa masa.

Ya ce, "To, masu tallafi za su tambaya wa ya ce a dasa cikin ruwa. Mi za mu ce musu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunana za a sa."

Ya ce, "Ka san ƙarin girmanka na bana ya tafi ke nan?"

Na ce na sani, na zauna na rubuta rahoton a gabansa. Na isa gida ana kiran La'asar, na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa Sarkin Ruwa da bai bi takardata duka ba. Ƙarin girman ya wuce ni shekara biyu. Injin jirgin kuwa ya isa gungu kafin damina.