Kalmar Sirrin Mai Tsani

Mai Tsani kowa ke ce masa a unguwar, har matarsa idan ta so tsokana. Tun yana saurayi yake hawa rufin mutane. Da eriya ya fara, da intanet ta shigo gidaje sai ya koma jan kebul. Aikinsa tsaf yake. Ba ya barin waya tana reto a bango, kusurwa yake bi da ita yana kafa ƙananan ƙusoshi har ta ɓace a bayan labule. Idan ya huda bango, da kansa yake neman tsintsiya ya share ƙurar.

Abu ɗaya ya ishe shi a sana'ar, shi ne kira. Mutum zai mance kalmar sirrin gidansa ya bugo masa yana saman tsani ko yana tsakiyar cin abinci. Sai ya samo dabara. Duk gidan da ya haɗa wa intanet, suna ɗaya yake sa wa akwatin da ke raba ta ga wayoyi, kalmar sirri ma ɗaya. Wanda ya mance, da ka yake faɗa masa. Bai taɓa gaya wa kowa dabarar ba, kowane gida kuwa ɓoye tasa yake kamar lambar banki.

Yayarsa ma shi ya haɗa mata. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo yana aiki a wata ƙasa, ta kiran bidiyo take ganin jikarta. Gidan nata bango ɗaya ne da shagon aski, ɗakin baya kuma ta ba wata malamar makaranta haya. Sai intanet ɗin ta fara ciwo. Da yamma ta yi, fuskar jikar sai ta daskare baki buɗe, murya ta riƙa zuwa gutsi-gutsi. Yaya ta tuna cewa Malama ce ta taɓa saita mata sabuwar waya, ke nan ta ga kalmar. Ba ta tambaye ta ba. Ta gaya wa matan layin cewa ta ajiye ɓarauniya a gida, sannan ta ce wa Malama ta nemi wani ɗakin kafin ƙarshen wata.

Mai Tsani ya zo ya canja kan kebul, ya hau rufi ya sauko, ya gwada gudun intanet ɗin ya ga lafiya lau, don da hantsi ya zo. Zai fita Malama ta tare shi a tsakar gida, hannunta duk kumfar wanki.

"Malam, don Allah ka duba da kyau," ta ce a hankali. "Ɗaki ba wuyar samu ne da shi ba. Sunana nake ji."

Ya ce mata in Allah ya yarda zai dawo da yamma.

Da yammar ya fara shiga shagon aski. Shagon cike yake, rabin mutanen duk shi ya ja musu waya a gida, wasu sun haɗa kai suna kallon ƙwallo a wayar mutum ɗaya. Mai aski ya yafa masa ƙyalle, ya kunna inji, ya fara yabonsa.

"Injiniya, hannunka akwai albarka. Akwatin da ka sa min tun da damina ya ƙone, na cire shi na jefa a kwali. Amma ka ga intanet a shagon nan? Daram."

Wani tela ya ce shi ma da ya zauna a bencin nan wayarsa ke kamawa da kanta, kamar yana ɗakinsa. Wani ya ce shi a nan ma yake sauke finafinai, ta fi ta gidansa gudu. Aka yi dariya, ana cewa Injiniya da aljanu yake aiki.

Shi bai yi dariya ba. Madubi yake kallo, rabin kansa a aske, yana tuna cewa a ɗaya ɓangaren bangon nan ya rataye akwatin Yaya da hannunsa. Wayoyin ba su san gidan wa suke ba. Sun ga sunan da suka sani da kalmar da suka sani, sun shige.

Ya shiga gidan Yaya, ya canja wa akwatin suna, ya canja kalma. Aka kira ɗanta. Jikar ta fito tas, har ana ganin sabon haƙorinta. Yaya ta gama wasa da ita, ta kashe wayar, ta ɗaga murya yadda ɗakin baya zai ji.

"Ka gani ko? An rufe wa ɓarauniya ƙofa, abu ya miƙe."

Yana tattara kayan aikinsa a lokacin, kuma ya san idan ya ɗauki jakar ya fita shi ke nan, maganar ta mutu a kan Malama. Ya rufe jakar, ya sake buɗe ta. Sannan ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar yayarsa, inda rabonsa da zama tun suna yara, ya faɗa mata komai. Ya nuna mata jerin wayoyin da suka saba hawa layinta, ta Malama ba ta ciki.

Yaya ta daɗe tana kallon saman kansa. "Wato duk gidajen nan mukulli ɗaya ka ba mu?"

Ya ce e.

Ta tashi ta je ƙofar ɗakin baya ta yi sallama, muryarta ta yi ƙasa. Malama ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ta yafe. Amma ta riga ta sami ɗaki, kuma ba za ta iya ci gaba da shanya kaya a tsakar gidan da aka kira ta da wannan sunan ba. Abu ɗaya ta roƙa: matan da suka ji na farko su ji na biyu.

Yaya ta dawo ta ɗauki mayafinta. Mai Tsani ya miƙe ya sa hannu a jakarsa, ta ce ya bar ta a nan.

"Gidan matar tela za mu fara," ta ce. "Wuce gaba. Kai za ka yi sallamar."