Gyaɗar da Ta Yi Takaba Tare da Ni

Injin matsar man gyaɗa da ke shagon jikin gidanmu a Maraɗi ba namu ba ne mu kaɗai, na mutanen unguwa ne. Maigidana ne ya kawo shawarar, don ya gaji da ganin ana kwashe gyaɗarmu a manyan motoci ana tsallaka iyaka da ita, mu kuma muna sayen mai da tsada. Ya bi gida-gida. Wani ɗan kabu-kabu ya zuba abin da ya daɗe yana tarawa. Wani Alhaji mai atamfa a babbar kasuwa ya sa kaso mafi tsoka, ya kuma tabbatar kowa ya ji labari. Goggona ta Tsibiri ta sayar da tumakinta biyu. Har da wata tsohuwa mai zogale a Jiratawa, wadda ta ce ita ba riba ta dame ta ba, ƙuli-ƙulin kwaɗo take so ta riƙa samu a kusa.

Shekara biyu injin yana aiki. Maigidana yana zuba gyaɗa, ni ina tarar mai ina tacewa. Na san injin nan kamar yadda na san murhuna, har da tsiyar da yake yi in an ɗauke wuta an maido.

A kakar shekara ta uku masu jarin suka ce a juya duk abin da aka samu a sayi gyaɗa tun tana araha. Aka jibge buhuna a shagon har kusa da rufi, ɓararriya ce, kuma ba ta gama bushewa ba. Maigidana ya kulle ƙofa ya ce gobe za a fara shanya. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, a kwana na biyar aka kai shi makwancinsa.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ban yi kukan da mata suke jira ba. Ina zaune dai a kan tabarma, a ba ni fura in sha, a ce lokacin salla ya yi in tashi.

Masu jarin duk sun zo gaisuwa, wasu ba sau ɗaya ba. Su yi addu'a, idonsu ya ɗan kai ga bangon da ya raba ɗakina da shagon, su ce Allah ya ƙara haƙuri, su tafi. A wurinmu ba a kawo wa mai takaba zancen kasuwa. Goggo ta zauna da ni har arba'in, ta ba ni labarin ciwon gwiwarta da farashin hatsi da auren jikar maƙwabciyarta, amma ko sau ɗaya bakinta bai furta gyaɗa ba, ita da tumakinta suke cikin buhunan.

Makullin shagon yana aljihun rigar maigidana da ke rataye a ƙusa. A wata na biyu na fara jin warin gyaɗar ta bango. Daga baya ƙananan ƙwari suka fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar shagon suna hawa garu. Na san abin da ke faruwa da dukiyar mutane, babu wanda ya fi ni sani. Amma in na yi magana za a ce ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba tana zancen mai. Gaskiyar ma ba tsoron bakin mutane kaɗai ba ne. Da safe sai in shirya maganar, la'asar ta yi ban faɗa ba, kuma abin bai dame ni ba.

Kwana ɗaya da fitata daga takaba masu jarin suka taru, na miƙa makulli. Buhunan ƙasa sun yi funfuna, na sama sun zama gari. Aka ɗebi kaɗan aka zuba wa akuyar maƙwabta, ta shinshina ta wuce.

Tsohuwar Jiratawa ta matso kusa da ni.

"Ɗiyata, tun yaushe kike jin warin ga?"

"Tun wata na biyu, Inna."

"Mi ya hana ki hwaɗi?"

"Ina jira ku ku ce."

Ta daɗe tana duban buhunan. "Sau ukku ina zuwa da maganar ga a bakina, in koma da ita Jiratawa. Kunyarki muka ji."

Wani malami da ke wurin ya ce ai addini bai hana a buɗe shago don ana takaba ba.

Injin lafiyarsa lau, abin da za a zuba masa ne babu, kuma ba mai sauran abin da zai ƙara. Alhaji ya ce zai ɗauke shi ya sayar, a raba wa kowa ɗan abin da ya samu. Aka yafi juna. Aka kawo amalanke, sai aka tarar injin ba zai fita ta ƙofa ba sai an kwance shi, kuma duk mazan da ke tsaye babu wanda ya san ta inda ake farawa.

Ni na shiga na ɗauko sifana. Na kwance shi ƙusa bayan ƙusa, ina miƙa musu suna lodawa, Goggo tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona.