Inda Kibiyoyi Suka Taru

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, na jawo wa kaina abin da ya hana ni cin abinci da daɗi na tsawon lokaci. Ni 'yar Shagari ce, aure ya kai ni Bodinga. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, ƙarshen mako kuma in hau mota zuwa Sakkwato ɗaukar darasi.

Akwai wani malaminmu, siriri mai gilashi, wanda murmushinsa sai an tara. Darasinsa shi ne nazarin yadda aiki ke tafiya a ma'aikata: a bi shi daga ƙofar shiga har ta fita, a zana shi a takarda da 'yan akwatuna da kibiyoyi, a gano inda yake maƙalewa, sannan a kawo gyara. Ya ce kowa ya nemo sana'a ta gaske, ba ta cikin littafi ba. Ni kuwa sarkin wayo na ce me zai kai ni nesa, alhali surukina yana da injin casar shinkafa a bayan gidanmu? Na ɗauka na tsinci dami a kala.

Maigida ya nema mini izini wajen mahaifin nasa, Baba ya ce ba komai. Na shiga bin buhu kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Manoman Danchadi da Lambara su kawo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a sauke, a jira Baba ya zura hannu ya ɗebo, ya tauna ƙwaya ya ji ko ta bushe. Daga nan a kai wa mata masu gumi su turara su shanya. A sake jiran Baba ya ce ta isa shiga inji. In an cashe, a jira shi ya duba haskenta kafin a ɗinke bakin buhu. Makullin sito kuma yana aljihunsa, ɗaure da zare. Ga shi mutumin jama'a, babu suna ko ɗaurin aure ko jana'izar da ke wuce shi daga Bodinga har Mandera. Ranar da ya tafi ta'aziyya inji ya yi tsit, 'yan dako su miƙe a kan buhuna, masu mota su yi ta tsaki har su juya.

Da na zauna na zana abin, sai gabana ya faɗi. Duk kibiyar da na ja, sai ta lanƙwaso ta dawo akwati ɗaya a tsakiya. Na juya takardar, na sake sabuwa, haka dai. Aikin a wuri ɗaya yake maƙalewa, kuma wurin nan uban mijina ne. Mutumin da tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi kaina a ƙasa.

Sai na yi dabara. Na ɗora wa inji laifi, na ce ya tsufa, yana shan mai, a sayo sabo. Malam ya dubi zanen ta saman gilashi.

"Hajiya, injin nan naki zaune yake yana jira. Wa yake jira?"

Na ce yanayi ne. Ya ce yanayi ba ya riƙe makulli. Sannan ya tuna mana ƙa'idarsa: ba ya ba kowa maki sai mai sana'ar ya ji sakamakon daga bakin ɗalibi, shi kuma yana zaune yana saurare. Ya ce Bodinga ba nisa, zai zo da ƙafarsa.

Wallahi na ji tsoro. In na yi shiru karatun da na sha wuya a kansa ya tafi, in na yi magana a ce matar ɗa ta je boko ta dawo tana cewa tsoho ya matsa gefe. Maigida ya fara dariya da ya ga zanen, da ya gane ko wane ne a tsakiya sai dariyar ta ɗauke. Ya ce shi bai ji ba bai gani ba, ya ɗauki hularsa. Na je Shagari wajen mahaifiyata neman shawara, ta tafa hannu tana salati, ta ce takarda ba ta kai aure ba, in bar musu digirinsu. Na dawo ina lissafin wanda zan rasa a cikin biyun.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfar inji. Baba yana kan buzunsa, malam a gefe, maigida ya laɓe bayan buhuna wai yana duba ɗinki. Na shimfiɗa takardar, aka danne gefunanta da duwatsu, na durƙusa can nesa na ja mayafi. Na yi bayanin sauke kaya, gumi, shanya, casa, duk ƙasa nake yi wa magana. Kowane akwati da sunan aikinsa. Na tsakiya kuwa na bar shi fari fat, hannuna ya ƙi rubutawa.

Baba ba ya karatun boko, amma ya bi kibiyoyin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kai shi wuri guda. Ya tsaya a nan.

"'Yar Shagari, wanga da kibau sunka taru kainai, mi ya hana ki ba shi suna?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ni na," in ji Baba. Ba tambaya ya yi ba.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce Allah shi yi albarka, ya sallami baƙo da buhun shinkafa, ya tashi. Bai ce na kyauta ba, bai ce na ɓata ba. Malam ya ba ni makina, amma ni ban ji daɗinsu ba. Kwana da kwanaki duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai in ce ga saƙon in tattara kayana ya iso.

Wata safiya Baba ya kira maigida, ya kwance zaren ya miƙa masa makulli. Duban shanshera ya bar wa ƙanwarsa, gwaggon maigida, shugabar masu gumi. Shi ya riƙe gaisawa da manoma kawai. Aiki ya miƙe, motoci suka daina juyawa, ni kuma har na fara tafiya da ƙafar masana.

Bayan 'yan shekaru ciwo ya kwantar da shi a asibiti a Sakkwato. Na kai masa kunu, na durƙusa bakin ƙofa kamar kullum. Ya tambaye ni ko inji na aiki. Da ɗokina na ce yana yi, Baba, tun da ka kwanta ko yini ɗaya bai tsaya ba.

Ya juya fuskarsa bango.

"Madalla," ya ce. "Ashe ana yi ba ni."

Yanzu wannan zanen shi ne sana'ata, ana kirana ma'aikatu in gano musu inda aiki ke maƙalewa. An koya mana yadda ake rage wa akwati kibiyoyi, ba a koya mana abin da na cikinsa zai yi da hannuwansa bayan nan ba. Duk ranar da na ga sun taru wuri ɗaya, gabana yana faɗuwa kamar ran nan. Har yau ban sani ba ko godiya Baba ya yi mini ko kuka ya kai. Kunya ba ta bar ni na tambaye shi ba, har Allah ya karɓi abinsa.