Zakkar Ruwa: Ga Baba Labbo Ambursa

Shekara uku da wata biyu ke nan rabona da garinmu Pankshin. Ista ta bana na yi niyyar tafiya, har na gaya wa matata Sara ranar da zan iso, domin kai ka ce za ka riƙe mini aikina. Sai ga shi ranar Laraba, 16 ga Afrilu, 2025, da hantsi, ɗanka Musaddiq ya kira ni ya ce ciwon ƙirjin nan ya tafi da kai a asibiti a Birnin Kebbi. Ina kan tsanin hasumiyar sanyaya ruwa na amsa wayar. Na daɗe ban sauko ba.

Baba Labbo, ban je jana'izarka ba. Mu biyu kaɗai muka san hasumiyar nan a duk kamfanin shinkafar, kuma ba a tsayar da inji ko na minti ɗaya ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Amma ba zan yi wa manaja ƙarya ba, ya ba da mota, ya aika buhun shinkafa huɗu.

Lokacin da na zo Argungu na ɗauka farin abin da ke tashi a saman hasumiyar hayaƙi ne. Ka yi dariya, ka ja ni wajen randar masu gadi, ka ce in taɓa jikinta. Ka ce da gumi take sanyaya ruwa, hasumiya ma haka. Ruwa ya fito daga inji da zafi, a kai shi sama a yayyafo shi, fanka ta ja iska ta ratsa shi, ɗan kaɗan ya zama tururi ya tafi da zafin, sauran ya sauko da sanyi ya koma aiki. Ruwa ɗaya, zagaye ba iyaka.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙaramin famfon ƙasa da kake bari yana zuba. A watana na biyu, kana gida wajen yankan shinkafa, na ƙulle shi, ina ganin na yi tattali. Cikin mako uku bututai suka toshe da farin ɓawo kamar kanwa, inji ya ɗau zafi ya tsaya. Da aka tara mu, ka ce laifinka ne, kai ne ba ka koya mini ba. Bayan an watse ka ɗebo ruwan a kofin silba ka ce in lasa. Gishiri ne zalla.

Ka kira sunana. "Toma, tururi shi ka tahiya, gishiri shi zamna," ka ce. "Wagga ba ɓanna ba ta, zakka ta. Ku ba ku hidda zakka a coci?"

Na ce muna fitarwa. Ka ce to, in daina yi wa ruwa rowa.

Yanzu rijiyar burtsatse ta ja baya, sabon injiniya ya ce a rufe famfon sai damina. Ba mugu ba ne, ƙarancin ruwan gaskiya ne. Na yi masa bayani sau biyu, ban iya faɗa kamar yadda kake faɗa ba. Na san ranar da na hau motar Jos zuwa gida, ranar za a ƙulle shi. Na ɗaure jaka, na kwance, na sake ɗaurewa. Jiya na gaya wa Sara ba zan zo ba.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya yafe maka kurakuranka. Iyalinka, Inna Laure, Musaddiq da Nazifa, da duk mutanen Ambursa, Allah ya ba ku haƙuri.

Abin da na iya ajiyewa: kofin silba ɗaya, sifanar kwance noti ɗaya mai lamba goma sha bakwai, da kwana sittin da uku na hutun da ban ci ba. Famfon yana nan a buɗe.