Hoton da Na Zauna Kusa da Inna

Aji biyu na yi a makarantar boko, na biyun ma rabinsa a bakin gulbi na cinye shi. Har yau idan aka miƙo mani takardar Turanci sai na lalubi inda hoto yake kafin in san samanta da ƙasanta. Amma akwai kwamfuta a shagona a Anka, ni nake ba ta umarni, kuma tana bi.

Da can kabu-kabu nake yi da babur. Shekarun da gubar dalma ta kama yara a Bagega, aka zo ana kwashe ƙasar gidaje ana zuba sabuwa, sai wani Bakano mai ɗaukar hoto ya ɗauke ni in riƙa kai shi. Aikinsa shi ne ya ɗauki tsakar kowane gida gaba ɗaya, kafin kwasa da bayanta. Tsakar gida kuwa ba ta shiga hoto guda. Sai ya kafa ƙarfen nan mai ƙafa uku, ya rataya dutse da zare a ƙarƙashin kyamara don kada ta gusa daga inda take, ya riƙa juya ta kaɗan kaɗan yana ɗauka. Kowane hoto sai ya hau kan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi. Na ce masa, “Malam, ai wannan baibayar ɗaki ce, kowace ciyawa ta danne 'yar'uwarta.” Ya dube ni ya ce wata uku ya yi kafin ya gane abin da na faɗa a tsaye.

Da rana idan mun fake a inuwa, sai ya zuba hotunan cikin kwamfuta, manhajar da ke ciki ta nemo inda suka yi kama, ta haɗe su su zama ɗaya, dogo kamar rawani. Ban iya karanta ko kalma ɗaya a jikinta ba, sai na haddace gurabe: na uku daga hagu shi ke kwaso hotuna, mai kama da sarƙa shi ke haɗawa, jan nan na ƙasa kada ka taɓa shi ko da wasa. Na taɓa shi sau biyu. Da aikinsu ya ƙare ya bar mani tsohuwar kyamararsa da kwamfutar da kusurwarta ta fashe, ya ce in ci gaba da baibaya.

Na yi ɓarna kafin in iya. Na ɗauki kasuwar Gummi, wani jaki ya ratsa ina tsakiyar juyawa, ya fito da kai biyu babu wutsiya. Na ɗauki katangar wani gida a Bukkuyum, manhaja ta ƙi haɗawa, don jan bango ko'ina iri ɗaya ne, ba ta ga abin kamawa ba. A hankali dai hannuna ya faɗa, har ya zama idan ka ja hotona ka ƙara girmansa, za ka ƙirga haƙoran da goro ya rina a bakin mutumin da ke can ƙarshen fili.

To, ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni gidan kawuna a ƙasar Bukkuyum, can na girma. Idan na je gaishe ta a Gummi, inda take zaune a gidan ƙanena, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon bango. In na kuskura na zauna a tabarmar da take, sai ta tuna tana da aiki a wani wuri. Idan za ta yi maganata sai ta ce “mutumen Anka”. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma ga ni da furfura har a gira, na ɗauki hoton mutanen da ban san iyakarsu ba suna jingine da uwayensu, ni kuwa ko inuwata ba ta taɓa haɗuwa da tata a takarda ba.

Wata ƙaramar Salla sai ƙanena ya kira ni ya ce Inna tana son a tara mata zuriyarta duka a hoto ɗaya, na Anka da na Gummi da na Bukkuyum, har da waɗanda suka baro Zugu saboda rashin kwanciyar hankali. Ta ce ba ta san ko za a sake taruwa tana da rai ba. Ya ce, “Yaya, ta ce a hwaɗa ma mutumen Anka, tunda an ce ya iya.”

Na ce na ji. Na ajiye waya, shaiɗanin da ke tare da ni tun ƙuruciya ya gyara zama.

Mutum ɗaya na gaya wa abin da na ƙulla, taubashiyata, 'yar kawun da ya riƙe ni. Tare muka tashi, yanzu ita ma jikoki sun yi mata yawa, amma bakinta bai tsufa ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, “Kai bawan gidanmu, sata za ka yi da tsuhwanka?”

“Wace sata? Uwata ce hwa.”

“Goggo ta hana ka zama kusa da ita shekara sittin, kai ka ce inji ya ba ka. In ta sa anka yanke ka da almakashi gaban jama'a, ni guɗa zan yi.”

“Ke dai ki danna inda na nuna maki.”

“Da wanga yatsa nawa mai daraja? Sai ka kira ni uwargijiya.”

Na kira ta. Sau uku ta sa na maimaita.

Washegarin Salla da hantsi muka taru a filin tsakar gida. Mun haura ɗari. Na kafa ƙafa uku, na ɗaura igiya a gindinta, na ja ta na zana rabin da'ira a ƙasa, na ce kowa ya tsaya a kan zanen, don nisan kowa da kyamara ya zama ɗaya. Na sa aka rataya faifai da ƙore a jikin katanga don manhaja ta sami abin kamawa. Na jera turame tsakanin rukuni da rukuni, saboda haɗi ya faɗa kan abin da ba ya motsi. Matan gidan suka yi ta tambaya ko daka za a yi a hoton. Na kulle hasken kyamara yadda ba zai canza ba ko na juya ta.

Aka fito da Inna aka zaunar da ita a tsakiya kan tabarma, ƙofar ɗakinta na bayanta. Ƙanena ya zauna a hagunta. A damanta na shimfiɗa buzu, na ɗaga murya na ce, “Jama'a, nan ne babban haɗi. Duk wanda ya zauna a kan buzun nan, inji zai raba shi biyu.” Wani surukinmu da ya riga ya ɗaga ƙafa zai hau ya ja da baya kamar ya ga kunama.

Na fara daga hagu. Ɗauka, juya, ɗauka, juya, ina yi wa yara tsawa, ina roƙon manya su daina gyaran hula. Hoto goma sha huɗu a jeren sama, goma sha huɗu a na ƙasa. Na ce an gama. Jama'a suka watse wajen tuwo, aka kama Inna aka shigar da ita ɗaki, aka saki asabari.

Kyamara na nan inda take, ban bari kowa ya kusance ta ba. Na mayar da ita daidai saitin tsakiya, na tsayar da taubashiyata a bayanta. Inuwa ta fara tafiya, in na yi jinkiri tawa za ta kalli wani wuri dabam da ta kowa. Na ruga da gudun tsofaffi na hau buzu, na tanƙwashe ƙafa, na ɗan karkata zuwa inda Inna ta tashi.

“Danna!”

“Rufe bakinka, awa ɗan tsako ga ruwa. Kai, kuka za ka yi?”

“Rana ce. Danna mana, uwargijiya!”

Ta danna har sau biyar, ta ce ko ɗaya zai fito da kamar mutum.

Kwana biyu bayan haka ina shago a Anka, na zuba hotuna ashirin da takwas da na satar guda ɗaya, na danna mai kama da sarƙa. Kwamfutar ta yi ta huci kamar babur a kan yashi. Da ta gama sai ga mu, daga wannan bango zuwa wancan, ba wanda ya rasa kunne. Ga Inna, ga ni a damanta, kafaɗata saura kaɗan ta taɓa mayafinta. Na tashi na zaga shago na dawo na sake dubawa, muna nan.

Sai na shiga bin haɗi ɗaya bayan ɗaya, ina ƙara girma, kamar yadda na saba. Da na zo tsakiya na ga manhaja ta yi nata zaɓin: ƙofar ɗakin da ke bayanmu ba daga hoton taro ta ɗauko ta ba, daga nawa na sata ta ɗauko. Asabari a sake. A gefensa kuma akwai wani ɗan duhu. Na ja, na ƙara ja. Yatsu biyu ne sun ɗage asabarin, ga rabin fuska, ga ido ɗaya.

Inna ce. Ashe lokacin da nake zaune kan buzu ina karkata kamar sakarai, tana tsaye tana kallona. Ba murmushi take ba. Irin kallon nan ne da mutum ke yi wa gonarsa da ya ba wani aro, ya biyo ta gefenta da damina. Na ja hoton har ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, na mayar, na sake ja. Wani ya leƙo yana son hoton katin shaida, na ce masa inji ya lalace.

Ga Inna biyu a hoto ɗaya, ta zaune da ta laɓe. Raina ya so in bar su haka, kowa ya gani, in ce to ga shaida. Amma abin da ta yi shekara sittin tana rufewa, ba ni zan buɗe shi a bango don surukai su yi ta nuni da yatsa ba. Akwai wani abu a manhajar kamar burushin fenti, inda ka shafa sai hoton ƙasa ya fito. Na shafe ƙofar a hankali, ta koma yadda take lokacin taro, da kawunan jikoki a gabanta. Wancan na asali kuwa na ajiye shi a inda ni kaɗai na san gurbinsa.

A Gusau aka buga mani shi a kan ledar nan mai kauri ta masu talla, tsawonsa kamu takwas. Na naɗe shi kamar tabarma na ɗaure a bayan babur sai Gummi.

Muka warware shi a tsakar gida, mutum huɗu suna riƙe da shi. Aka yi caa, kowa na neman kansa. Ƙanena ne ya fara ganina. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, “Yaya, kai da kac ce inji na raba mutum biyu?” Na ce ni ya san ni, ba ya yi mani. Surukin nan ya ce wallahi tun ranar ya ji a jikinsa an cuce shi.

Sai asabari ya motsa. Inna ta fito da sandarta. Ni na ja baya na tsaya wajen turame, inda na saba. Ta fara daga hagu, tana kai fuska kusa, tana kiran sunan kowa, har jariran da ni ban san na wa ba ne. Ta zo kan ƙanena ta kira shi. Ta zo kan kanta ta ce, “Ga tsohuwa.” Sandar ta tsaya a kaina a cikin hoton. Ta daɗe a nan. Sannan ta wuce ta kira na gaba, ta bi su har ƙarshe.

Taubashiyata ba ta iya barin wuta ta mutu. Ta ce, “Goggo, kin ga wani ɓarawo ya shigo maki tabarma. In ɗauko almakashi?”

Inna ba ta juyo ba. Ta ce, “Wanda ya riga ya zamna ba a tada shi.”

Ƙanena ya ce a kafa shi a zaure don baƙi su gani. Ta ce a'a, ɗakinta. Aka ce bangon ɗakin bai kai tsawonsa ba, sai an naɗe wani sashe. Ta ce a naɗe bakin nan da bakin can, yara ne, suna da sauran lokacin da za a gan su. Tsakiyar ta faɗa daidai kan gadonta.

Ƙanena ya shiga da guduma da ƙusoshi. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa, ina hango aikina ta gefen asabari, ya kafa shi a karkace kamar hular ɗan tauri. Na yi ƙoƙarin yin shiru, na kasa. Na ce, “Ɗaga hagu. Hagu na ce, wannan dama ce!”

Ya ce, “Yaya, daidai yake. Daga waje kake gani.”

Daga can kan gado Inna ta ce masa, “Yi yadda anka ce maka.”

Ya zare ƙusa, ya ɗaga hagu.