Amurka da Japan a ɗaki ɗaya: shekara uku bayan Baba Inuwa

Shekara uku ke nan da korona ta ɗauke Baba Inuwa, mutumin da ya laƙaba mini Japan har sunan ya bi ni Fagge. Ko mahaifiyata in ta bugo waya yanzu, "Japan ne?" take cewa. Sabi'un da aka yanka wa rago ya ɓata. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na sakandare ni da makaranta muka yi rabuwar arziki.

Baba Inuwa mutumin Zariya ne, tsohon bakanike, direba a nan Doha. Kayan miya yake ɗaukowa daga kasuwar Abu Hamour yana raba wa gidajen abinci. Ɗakinmu ɗaya a wani gidan haya a Bin Omran, shi gadon ƙasa, ni na sama. Ba ruwansa da ƙwallo. Abinsa labaran duniya, waya a kunne kullum, sai ka ji yana yi wa shugabannin ƙasashe faɗa kamar yaran garejinsa.

Ni kuwa da abu biyu na shigo garin nan, fasfo da baki. Ina kai saƙon abinci a babur, in na dawo gida in buɗe shagon tsokana a kicin. Ba wanda ya tsira, 'yan Nepal, 'yan Bangladesh, har 'yan uwana. Wanda na fi sa wa ido shi ne Awudu, ɗan Zongon Kumasi, mai gadi a filin jirgi, ƙaton da in ya tsaya a ƙofa haske ba ya shiga. Bai iya rama magana ba. Rannan na ce yarinyar da yake aika wa waya a gida ta tabbata wayar take so, don shi ba ya shiga hoto ɗaya. Naushi guda ya yi mini, leɓena ya rabe.

A garin nan faɗa ba wasa ba ne. In 'yan sanda suka zo, mai duka da wanda aka daka duk jirgi ɗaya za su iya hawa a mayar da su gida. Wani maƙwabci har ya ɗaga waya, Baba ya riƙe hannunsa, ya kora mu ɗaki. Ina jini, shi kuma ya kama ba mu tarihi. Wai Amurka ta jefa wa Japan bam ɗin da ba a taɓa jefa wa kowa ba. Da yaƙi ya ƙare, Japan ta ajiye makami, ta ba sojan Amurka masauki, Amurka kuma ta ɗau alƙawarin tsare ta, don maƙwabtan Japan ba su manta abin da ta yi musu ba. Sai ya yanke hukunci. Awudu zai dawo gadon da ba kowa a ɗakinmu. Ni zan ajiye bakina, sai dai don kare kai. Awudu kuma zai tsaya mini gaban duk wanda na taɓa, kuma suna da yawa.

Na ce, "Baba, wannan ai kafil na biyu ka ɗaura mini, bayan ubangidan da ke riƙe da bizata."

Ya ce, "Kafil ba ya kwana ɗaki ɗaya da kai yana jin tarinka. Kai Japan, shi Amurka, kalas, magana ta ƙare."

Ban so ba. Wanda ya fasa maka baki ya zama mai gadinka, akwai ɗaci a ciki, kuma na tabbata mutanen Japan ɗin ma sun san ɗacin. Amma gida ya zauna lafiya.

Sai annoba ta zo. Baba ya fara tari, masu fararen kaya suka zo da motar asibiti, ya taka da ƙafarsa ya shiga, yana ce mini kar in taɓa masa caja. Ba mu ƙara ganinsa ba. An binne shi a maƙabartar da ke wajen Abu Hamour, hanyar da yake bi kullum, mu kuma muna kulle a ɗaki, ko sallarsa ba mu samu ba. Ni da Amurka da gado ba kowa. Na ɗauka yarjejeniya ta mutu da mai ita. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Awudu bai kwashe kayansa ba, ni ma ban buɗe baki ba. Ba mu taɓa yin maganar ba.

Na so Baba ya ga Kofin Duniya a ƙofar gidansa. Ranar da Japan ta ci Jamus, 'yan gidanmu ɗaga ni suka yi sama kamar ni na zura ƙwallon. Da zai ga mutanen Japan na tsince shara a filin wasa bayan an tashi, na san cewa zai yi, "Ka ga masu sunanka? Kai ko kwanonka ba ka wankewa." Ghana ce ta hana Najeriya zuwa, Awudu ya yi mini dariya son ransa. Da aka cire Ghana, magana ta zo mini har wuya, mai daɗi, na haɗiye ta. Allah Ya sa ladan a mizanin Baba.

Bayan gasar aka rage masu gadi, Awudu na ciki. Ya samu wani wurin, amma mudir, wato manajan tsohon kamfanin, ya ƙi sakinsa, yau je ka, gobe dawo, takardar zamansa na neman ƙarewa. Ƙarfi ba ya aiki a ofis. Wata safiya ya tsaya a kaina ya ce, "Japan, zo ka yi masa magana. Ni bakina ba ya tafiya."

A lokacin ne rediyo ke cewa Japan za ta ƙara ƙarfin sojanta, kuma Amurkar da ta sa ta ajiye makami ce ke tafa mata. Na yi ta tunanin me Baba zai ce. Shi ya ce sai don kare kai. To wanda ke kwana a gadon da ke kusa da naka, in aka kore shi, kai ba a taɓa ka ba? Na bi Awudu ofishin. Na zuba wa mudir Larabcina na kan babur, na yabi agogonsa, na tsokani ƙungiyar ƙwallonsa, na ce in bai saki ƙaton nan ba ni zan riƙa kawo shi kullum yana tare masa hasken ofis. Ya yi dariya har da tari, ya ce yalla, ya sa hannu.

A waje Awudu bai ce na gode ba. Ya kalli tabon leɓena ya ce, "Bakin nan, da na fasa shi duka rannan, da yau ina jirgi."

Baba Inuwa bai bar gida a Doha ba, dutsen kabarinsa ma da ƙyar muka gane shi. Abin da ya bari mutum biyu ne da ya kamata a ce an tasa ƙeyarsu tuni, suna nan suna cin abinci a kwano ɗaya. Ban sani ba ko ƙawancen manyan ƙasashen can zumunci ne ko lissafi, wannan sai masu digiri. Namu dai da tsoron 'yan sanda ya fara, yanzu kuma ba tsoron kowa a ciki. Ranar Juma'ar nan za mu je mu yi masa addu'a. Amurka ne zai ja addu'ar, ni zan yi shiru in ce amin. Allah Ya jiƙan Baba Inuwa, Ya sa can ta fi masa nan.