Yariman da Bai Taɓa Ganin Garinsa Ba

Ban iya Faransanci ba, Turancin ma na elemantare ne. Amma Baturen Faransan da ke sayen gyaɗa a Gwarzo Turancinsa bai fi nawa ba, shi ya sa na zama tafintansa. Allah Ya yafe mini abin da na yi da bakin mutumin nan.

Wata rana a gindin sikeli ya ce mini shi ɗan sarauta ne a ƙasarsu. Ni kuwa cikina ba ya riƙe magana. Kafin la'asar kowa ya ji maigidana Yarima ne. Ranar kasuwar Kabo sai ga wani tsohon maroƙi da makaɗinsa, jama'a na biye da su.

Ya ce, "Malam tafinta, tambayar mana shi, Yariman wane gari ne? Ba a yi wa mutum kirari a kan iska."

Na tambaya. Bature ya yi dariya, ya ce wani ɗan ƙauye ne, bai taɓa ganinsa ba. Wani sarki ne ya ba kakan kakansa sarautar don shi ke miƙa masa riga da safe. Da maza suka ƙare a gidan, sarautar ta bi 'ya mace gidan mijinta. Daga baya aka sayar da ƙauyen, talakawa suka sare kan sarkin lokacin, suna kawai ya rage.

Na dubi jama'a. In na faɗi haka, gobe ni ne yaron jikan mai miƙa riga. Sai na gyara murya.

"Ya ce kakansa ya ci garuruwa da yaƙi, har sarki da kansa ke miƙa masa riga."

Kalangu ya ɗauka. Maroƙi ya yi ta zuba kirari har muryarsa ta dushe, sannan ya durƙusa ya ce irin wannan Yarima da doki yake sallama.

Bature ya ce me yake so? Na ce doki, al'ada ce, ranka ya daɗe. Ya waiga hagu da dama, idonsa ya sauka kan keken kamfani, wanda nake hawa zuwa Gude da Mainika ina kaɗa ƙararrawa ko babu kowa a hanya.

Na yi maza na ce wa maroƙi a Faransa goro ake bayarwa.

"Goro? Jikan wanda sarki ke miƙa wa riga? Haba Malam, ko dai ba haka ya faɗa ba?"

Zaɓi biyu ya rage mini. In ce ƙarya na yi, keke ya tsira, ko in yi shiru. Ina kallo Bature ya miƙa wa maroƙi keken.

Tsohon bai ma iya hawa ba, tura shi ya yi har gida. Ni kuwa sauran kakar gyaɗar nan a ƙafa na ƙare ta.